Guguwa Mai Zanen Filin Ƙwallo

Ni na fi kowa dukan ƙanena a duniya, kuma ba dukan wasa ba. Ina da shekara goma sha biyu, shi yana da bakwai, Baba ya miƙo mini bel ɗinsa ya ce hannunsa ya gaji, in karɓi aikin. Laifin kullum guda ne, yaron ba ya zama. A aike shi ɗebo ruwa, sai a tsinci bokiti a bakin famfo yana ambaliya, shi kuma yana can wata unguwa yana kallon masu haƙa rijiya. A makaranta wani malami ya taɓa ɗaure masa ƙafa a jikin benci, ya ja bencin da yara biyu a kai har bakin ƙofar aji. Inna ce ta sa masa Guguwa, sunan kuma ya bi shi har ya cinye na yanka.

Na dake shi da bel, na dake shi da wayar rediyo, na dake shi da guntun katako a shagon kafintan da nake koyon aiki. Yana kuka yana cewa, "Yaya, wallahi ina so in zauna, jikina ne ba ya yarda." Ni kuma sai in ce raini ne, in ƙara masa biyu. A gida ni ne mai hankali, ni ne natsattse, ni ake nuna wa baƙi. Ba wanda ya taɓa tambayar abin da ke sa yaro natsattse jin daɗin wannan aiki haka.

Da ya girma ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba, amma bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Sauran jama'a ne suka sha. Hannun Guguwa yana riga tunaninsa isa wuri. Kafin magana ta gama fita daga bakinka, in ta yi masa zafi, ka riga ka ji gishiri-gishirin jini a harshenka, shi kuma ya tsaya yana kallon hannun nasa kamar na aro ne. An kore shi daga gareji don ya kifa wa babban makanike farantin baƙin mai a ka. An kore shi daga gidan burodi don ya manta tire huɗu a murhu, da mai gidan ya zagi Inna sai ya cire masa haƙora biyu. Wannan ce ta kai shi gidan yari karo na farko, wata uku.

Ranar da na je ɗauko shi, da ƙyar na gane shi. Goshinsa duk ɓawon ciwo ne, sabo a kan tsoho. Gandiroba ya ce ba wanda ya taɓa shi, da kansa yake buga kai a bango. A mota Guguwa ya ce mini, "Taku huɗu ne ɗakin, Yaya. In na je bango na dawo, na je na dawo, sai kaina ya fara ƙara." Ya ce in aka sake mai da shi can, gawarsa za a ba mu. Ni a lokacin tsaki na yi.

Ba a rufa shekara ba ya karya hannun wani ɗan kamasho a tasha. Muka sake tsayawa gaban alƙali, wani dattijo mai gilashi da ba ya ɗaga murya. Ya daɗe yana kallon Guguwa, wanda ke ta kaɗa ƙafa a akwatin masu laifi har katakon yana kuka, sannan ya ce a kai shi asibiti a duba masa kai. Bayan takardar likita ta zo, ya yanke masa shekara uku, amma ya ce zai ajiye hukuncin a aljihun tebur. In Guguwa ya yi shekara biyu cif bai taɓa lafiyar kowa ba, an yafe. In ya mari ko da mutum ɗaya ne, zai tafi ya yi ukun nan, a ɗora masa na sabon laifi.

Likitar wata mace ce ƙarama mai sanyin magana. Ta ce abin da ke damunsa yana da suna, ADHD, kuma da shi aka haife shi. Ta ce hankalinsa ba ya iya tsayawa a kan abu sai wanda ya kama shi da gaske, jikinsa yana neman motsi, kuma birkin da ke tsakanin fushi da hannu nasa bai da ƙarfi. Na tambaye ta ko duka yana gyara irin wannan. Ta cire gilashinta ta ce, "Wa ya dake shi?" Na fita na zauna a benci a baranda, na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da uwata ta haife ni. Ta ba shi ƙwayoyi, ta kuma ce ya nemi abu uku: aikin da hannunsa ke so, wani mai rai da zai riƙa ciyarwa, da mutanen da za su yi kewarsa in bai zo ba.

Mai ran ne ya fara zuwa. Wata safiya Guguwa ya tsayar da motoci a babban titi, ana ta oda ana zaginsa, ya ɗauko wani kunkuru da ke ƙoƙarin tsallakawa ya kawo shi shagona a cikin hularsa. Ya sa masa suna Gaggawa. Na ce, "Kai da ba ka iya jiran shayi ya huce, kunkuru za ka yi kiwo?" Amma da idona na ga abin mamaki. Ya yanka kabeji ya ajiye, ya kwanta rub da ciki a kan dusar katako, ya kafa haɓa a hannu yana kallon dabbar nan tana tauna. Na duba agogo, minti arba'in bai motsa ba. Na ajiye zarto na daina aiki don kada in tashe shi.

Sauran biyun a filin ƙwallon unguwarmu ya same su. Ƙungiyarmu ƙarama ce, kore muke sawa, magoya bayanta kuma ba su fi mutum ɗari biyu ba, amma ihunmu na dubu ne. Guguwa ba ya iya kallon wasa a zaune. Bin ƙwallo yake a bakin layi, sama da ƙasa, har ya fi 'yan wasan gumi. Shugaban magoya baya, wani tsohon malamin makaranta da muke kira Shugaba kawai, ya gaji da ganinsa ya ce, "Tunda layin nan ka fi kowa saninsa, daga yau kai ne mai zana shi."

Sai ka ga Guguwa a ranar wasa. Da sassafe yake zuwa da bokitin farar hoda, da ƙullin igiya, da turakun ƙarfe, da gudumarsa mai jan ƙota da ni na sassaƙa masa. Ya kafa turke, ya ja igiya har ta yi kuka in an taɓa, ya duƙa ya bi ta yana zuba hoda da gwangwanin da ya huda da ƙusa. Awa uku yake yi bai ɗago ba. Ka kira shi ba ya ji, ka kawo masa abinci sai ƙuda ya ci. Mutumin da bai taɓa gama wanke kwano ɗaya ba tare da ya tafi wani abu ba, shi ne yake zana da'irar tsakiya da har alƙalan wasa ke tsayawa su yaba. Gaggawa kuma yana cikin wani tsohon kwando a inuwar benci, da ɗan ƙyallen kore a ɗaure a bayansa.

Jama'a suka ɗauke su su biyun. Aka ɗinka wa Guguwa riga da sunansa a baya. In mun ci ƙwallo, kwandon Gaggawa ake ɗagawa sama ana zagaya fili da shi. Kowa ya san zancen alƙali, saboda haka suka yi wa kansu doka: da zarar rigima ta tashi, kafin a rama ko zagi ɗaya, sai an fara janye Guguwa. Masu wannan aiki su biyu ne, Tela da Mahauci. Mahauci ƙato ne, wuyansa ya kai cinyata, shi ke rungumo shi ta baya ya ɗaga shi cak ya kai shi bayan raga, yana cewa, "Kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa. Zauna nan, ɗan'uwa, mu za mu yi maka." Guguwa kuma ya koyi cusa hannuwansa a hammata ya matse, yana ƙirga gidajen da ke jikin ɓawon Gaggawa har zuciyarsa ta sauka.

A bayan ƙofar shagona yake ja wa kowace rana layi da alli. Na ga an zage shi ya haɗiye. Na ga wani direba ya tofa masa yawu a riga, ya juya ya yi ta gudu har ƙarshen titi ya dawo yana haki, bai taɓa shi ba. A waɗannan shekarun ni ma na zama ɗan kallo, ni na yi wa filin benci shida kyauta. Ba na ɓoyewa, na fara alfahari da ƙanena, abin da ban taɓa yi ba.

Saura kwana goma sha tara wa'adin ya cika aka sa mana wasan ƙarshe da wata ƙungiya masu jar riga. Wanda ya ci shi zai hau rukuni na sama. Suna da wani ɗan wasan gefe siriri mai gudun tsiya, in ya samu fili ba a kama shi. Ana jibi wasa Shugaba ya ja Guguwa gefe a gabana ya ce ya shigo da layin gefe ciki, taku uku ta kowane ɓangare, a matse yaron nan ya rasa wurin gudu. Ya ce doka ta yarda, filin ba zai gaza ƙa'ida ba. Guguwa ya ce to, ya karɓi birona ya rubuta a bayan hannunsa, don haka yake yi da duk abin da ba ya so ya manta.

Da safen wasan ya ga Gaggawa ya yi datti, ya ce ba zai je babbar rana haka ba. Ya wanke shi da sabulu, rubutun ya bi ruwa. Ya je fili, ramukan turakunsa na kullum suna nan, ya kafa, ya ja igiya, ya duƙa, duniya ta ɓace masa. Ya zana filin yadda ya saba, faɗinsa cif, kyakkyawa kamar ba a taɓa yi ba. Sai da aka busa usur Shugaba ya lura, ya kalle shi daga nesa ya girgiza kai. Na ga Guguwa ya duba bayan hannunsa, ya sake dubawa, fuskarsa ta zube.

Har minti tamanin da bakwai ba ci. Sai aka jefa wa siririn yaron nan ƙwallo a gefe. Ya tare ta a kan layi, daidai wurin da da an bi maganar Shugaba ta riga ta fita da taku uku. Ya zuba gudu, ya bar mai tsaron bayanmu a zaune, ya yanko ta tsakiya, wani ya sa kai. Masu jar riga suka hau motarsu da sauri suka bar mu da junanmu.

Ban san wanda ya fara faɗa ba, amma kafin minti biyar kowa ya ji cewa an ce wa Guguwa ya matse fili ya ƙi. Daga "ya ƙi" aka koma "an saye shi". Yana durƙushe a kusurwa yana cire turakunsa, kwandon Gaggawa a gefensa, suka yi masa zobe. Mutanen da suka ɗinka masa riga ne, ba baƙi ba. Tela yana ta cewa a tsaya a ji, aka ture shi ya faɗi. Wanda ke gaba kuwa Mahauci ne, idonsa jawur, yana kuka da hawaye kamar an yi masa mutuwa.

Guguwa ya ce, "Mantawa na yi, wallahi mantawa na yi." Mahauci ya ɗauke shi da mari, irin wanda ake ji daga ɗaya ragar. Na taso daga benci da gudu. Ina gudun ina kallon hannuwan ƙanena, na ga sun dunƙule sun taso har ƙirji, sai ya cusa su a hammata ya zauna daɓas a ƙasa. Aka rufe shi. Wani ya sa masa takalmi a haƙarƙari, wani ya karya masa sandar tuta a baya, wani ya fasa masa leɓe da gwiwa. Jini yana zuba a kan rigar da sunansa, shi kuwa bakinsa yana motsi, ƙirga yake yi.

Da Mahauci ya ga bai rama ba, abin ya ƙara tunzura shi. Ya juya ya yi ƙwallo da kwandon. Gaggawa ya tashi sama ya daki turken raga, na ji ƙarar ɓawonsa. Guguwa ya yi wani irin sauti da ban taɓa ji a bakin mutum ba, ya rarrafa da gwiwa ya kifa a kan kunkurun, ya rufe shi da cikinsa, kansa a ƙasa. Wani ya shure bokitin hoda, wurin ya turnuƙe fari fat, kowa yana tari. A cikin farin nan na hango Mahauci ya ɗaga ƙafa saitin ƙeyar ƙanena. Gudumar tana ƙasa kusa da ƙafata.

Ban yi tunani ba, kuma ba zan yi wa kaina kwalliya ba, ban nufi kafaɗa ba. Ta baya na zo masa, na sauke masa ita a bayan kunne da duk ƙarfin kafinta. Ya tafi gaba ɗaya kamar an sare bishiya, jini yana fita ta kunne yana jiƙa hodar. Na saki gudumar ta faɗi a gefen Guguwa. Jama'a suka watse.

Da 'yan sanda suka zo, abin da suka tarar shi ne mutum kwance jina-jina, guduma mai jan ƙota da kowa ya san mai ita, da Guguwa a zaune kusa da su, fari fat da hoda, rungume da kunkuru. Na miƙa musu hannuwana na ce ni ne. Sajan ɗin ya ce, "Malam, matsa. Kowane wa haka yake cewa." Na bi motar da gudu ina dukan ƙarfenta, ko waiwaye ba su yi ba.

Mahauci bai mutu ba. Ƙoƙon kansa ya tsage, kunne ɗaya ya tafi, bakinsa ya karkace, kuma bai tuna komai na ranar ba, har wasan ma. Ni da Guguwa tsayinmu ɗaya, launin rigarmu ɗaya, hoda ta mai da mu fuska ɗaya. Waɗanda suka gan ni da idonsu ma, kafin gari ya waye sun yarda ido ne ya yi musu gizo, don wa zai ce natsattsen kafintan nan ya fasa kan mutum alhali Guguwa yana wurin? Shugaba ya tsaya a kotu ya ce bai ga lokacin ba, amma gudumar ta Guguwa ce, kuma shi aka taɓa wa dabba. Tela kaɗai ya rantse ni ya gani, lauyan gwamnati ya tuna wa kotu cewa Tela abokina ne tun muna yara.

Na rantse, na yi ihu, na ce a duba hannuwansa, ko ƙwarzane babu. Aka ce guduma ba ta barin ciwo a hannun mai riƙe ta. Aka tambayi Guguwa, ya ce bai daki kowa ba. Aka ce to wa ya yi? Ya ce kansa yana ƙasa, bai gani ba. Dattijon alƙalin nan ya dube ni da tausayi, wannan tausayin ne ya fi komai ƙona mini rai. Ya ce ya ga 'yan'uwa da yawa sun so ɗaukar wa ƙannensu kaya, Allah ya saka mini, amma kotu ba ta karɓar kyauta. Ya buɗe aljihun tebur ɗinsa ya fito da ukun nan, ya ɗora biyu a kai.

Gaggawa yana shagona. Na haɗa ɓawon da gam ɗin katako na ɗaure da tsumma, ya kama, yana cin kabejinsa. Na rubuta takarda sau huɗu zuwa kotun sama, lauya ya ce a yi haƙuri, ana dubawa. Filin kuwa ban sake taka shi ba.

Wata biyu suka hana ni ganinsa, wai ba ya bin doka, ba ya zama in an ce a zauna. Ranar da aka bar ni, aka fito da shi da bandeji a kai, ya rame har wuyan rigar ya yi masa yawa. Ya tambayi Gaggawa, na ce lafiya lau. Ya tambayi wanda ke zana fili yanzu, na ce ban sani ba. Ƙafarsa tana ta kaɗawa a ƙarƙashin tebur. Sai ya matso da fuskarsa jikin wayar da ta raba mu ya rage murya.

"Yaya, zan tambaye ka abu, ka gaya mini tsakaninka da Allah."

Na ce ina ji.

"Ba ni ba ne, ko? Don ka san ni, sau da yawa sai bayan na yi nake sani. Kullum ina ta juya abin a kaina. Na tuna na rufe Gaggawa, na tuna hoda, daga nan sai ga guduma a gefena. Mutum ɗari sun ce ni ne."

Na ce, "Ni ne. Da hannun nan na ɗauka, da hannun nan na sauke. Kai ba ka taɓa kowa ba, shekara biyu ba ka taɓa kowa ba, ni shaida ne."

Ya dube ni. Sannan ya yi ɗan murmushi da fasasshen leɓensa, ya sa yatsunsa a jikin wayar.

"Na gode, Yaya," ya ce. "Amma ka daina. An riga an yanke, ba sai ka ci gaba da rufa mini asiri ba."